Matar da Ta Rage wa Zannuwanmu Tsawo

Ranar da muka dawo daga kai surukata gida, can kudancin Kaduna inda aka kwantar da ita kusa da mijinta, mun iske tsakar gidanmu na Gyaɗi-Gyaɗi ta cika da mata. An shimfiɗa tabarmi har bakin ƙofa. Matan zumunta na cocinmu suna gefe guda da littattafan waƙa a cinya, maƙwabtanmu Musulmi suna ɗaya gefen lulluɓe da mayafi. Duk wadda ta shigo sai ta durƙusa ta ce mana yaya haƙuri, mu amsa, ta nemi wuri. Zaman ya yi nauyi, irin nauyin da kowa ya sani a gidan makoki. Ana cikin haka sai Hajiyar gidan da ke kallon namu ta gyara zama, ta kamo gefen zaninta, gefen da ke shigewa ciki in an ɗaura, ta ɗaga shi.

"Ku duba nan," in ji ta. "Sau biyu kacal na ɗaura atamfar nan kafin wannan baiwar Allah ta gan ta a kan igiya."

A kusurwar zanin akwai gurbi mai faɗin tafin hannu. An yanke shi tsaf, an kalmashe bakinsa da ɗinki siriri wanda sai ka matso za ka gani. Matar Fasto ta leƙa, ta toshe baki da hannu, sannan ita ma ta kamo gefen nata. Nata gurbi biyu ne. Kafin ka ce kwabo mata sun shiga nuna wa juna gefen zani, wata ɗaya, wata uku, wata ta ce tana da wani a gida da aka yi ta yanka har ya koma ɗankwali. Dariya ta ɓarke da hawaye a cikinta. Fasto ya riga ya buɗe Littafi Mai Tsarki zai karanta mana kalmar ta'aziyya, sai ya sa yatsa a wurin ya jira. Da aka lafa, ya ce shekara da shekaru yana zargin tela da cin yadin matarsa, yau ya gane alhakin bawan Allah ya yi ta ɗauka.

Ni kaɗai ce ban ɗaga komai ba. Ni matar ɗanta, da muka zauna gida ɗaya shekara goma sha huɗu, na sunkuyar da kai ina gyaran tabarmar da ba ta karkace ba. Ina da zani guda mai irin wannan gurbin, amma yana ƙasan akwati, shekara tara ban ɗaura shi ba. Kuma na san a ɗakin Mama, surukar tawa, cikin babbar kwallar da take ajiye kyaututtukan yara, akwai 'yar tsana guda da aka bari tsirara, babu zani babu riga. Ta autata ce, kuma saboda ni aka bar ta haka. Kirsimeti saura mako huɗu.

Saboda jikokinta na ɗauki biro. Wata rana za su iske 'yan tsana a ƙasan akwati ba su san hannun da ya ɗinka su ba. In kuwa aka bar wa maigidana labarin, cewa zai yi uwarsa mace ce mai haƙuri da tsoron Allah, ya ja bakinsa ya yi shiru. Gaskiya ne, amma ba ita ke nan ba. Mama tana da ɓarna, tana da tsokana, kuma layi guda ya sani.

Gajeriya ce, baƙa, mai saurin tafiya kamar wadda aka aika. Ta zo Kano wurin ɗanta bayan rasuwar mijinta, wai ta huta wata biyu, ba ta ƙara maganar komawa ba. Maigidana ma'aikacin gwamnati ne, ni kuma ina koyarwa a wata firamare a Tarauni, don haka ita ce ke wuni da gida. Manya suna ce mata Mama, yara suna ce mata Kaka, har da yaran da kakanninsu ke nan da rai. Almakashinta yana ɗaure da igiya a ƙugunta, yana reto a ƙarƙashin zani, da shi take zuwa kasuwa, da shi take zuwa sujada.

Da zarar damina ta fara ja da baya, mata sun fito da manyan wanki, sai Mama ta fara abin da take kira gaishe-gaishe. Ta shiga gida, ta gaishe ki, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya da sunansu, amma idonta yana kan igiyar shanya. In ta ce miki, "Kai, wannan zani ya karɓe ki," to kin makara. Kina shiga ɗaki ɗebo mata ruwa za ki ji ƙarar almakashi. Ba ta gudu kuma ba ta ɓoyewa. A nan za ta zauna a kan turminki ta kalmashe bakin zanin, tana yi tana ba ki labarin tsadar manja. In kin yi ƙorafi ta ce gefen da ta yanka ba wanda ke ganinsa sai mijinki, shi kuma ya ga abin da ya fi haka. Ban taɓa ganin macen da ta iya riƙe fushi bayan wannan maganar ba.

Da waɗannan ƙyallayen take yi wa yaran layinmu kyautar Kirsimeti. 'Yan mata 'yar tsana: ta ɗinka jikin da farin yadi, ta cusa audugar rimi, ta yi gashi da baƙin zaren kitso, ido kuma maɓallan tsofaffin rigunan maigidana, wanda ya sha fita ofis da riga a buɗe bai san dalili ba. Sannan ta yi mata zani da riga da ɗankwali daga ƙyallen uwar yarinyar. Maza da fari ƙwallo take yi musu, ta lulluɓe shi da zanin uwa. Shekara biyu aka yi haka, har wata ta zo da kuka ta ce ta ga ɗanta yana harba zaninta cikin kwata gaban jama'a. Daga nan maza suka koma jakar littattafai.

Dokarta ɗaya ce, kuma ba ta taɓa lanƙwasa ta ba. Sai zanin da yaro ya gani a jikin uwarsa. Wani tela a Unguwa Uku ya taɓa aiko mata da buhun ƙyalle kyauta, don matan unguwa su huta. Ta yi godiya, ta sa masa albarka, ta yayyanka ƙyallayen ta cusa a cikin 'yan tsana a madadin auduga. Washegari ta fita gaishe-gaishe.

Ba ta raba yaran coci da na masallaci. Malam mai shago a bakin layi, wanda shi ke yanka mana kaji kowane jajiberen Kirsimeti don maƙwabta su ci abincinmu da kwanciyar rai, ya taɓa zuwa da ladabi ya ce shi a gidansa ba a ajiye abu mai siffar fuska. Mama ta ce ta ji, kuma ba ta ɗauka da zafi ba. Ta yi wa 'ya'yansa nasu babu ido babu baki, sai zanin uwarsu. Yaran suna isa gida suka samu kwalli da jambaki suka zana fuskokin da kansu, suka fito da wasu halittu masu ido ɗaya a goshi ɗaya a kumatu. Da Mama ta tambayi Malam ko ya gani, sai ya ce shi dai bai ga abin da ya yi kama da ɗan Adam ba, don haka ba shi da magana.

Ranar Kirsimeti kuwa tsari ne da ba ya canjawa. Jajibere a soya cincin, a dafa zoɓo, ta dama gwaten acca wanda ita kaɗai ke ci da marmari tana ce mana ba mu san daɗi ba. Da safe a tafi sujada. A dawo a zuba shinkafa da kaza a kwanuka, yara su rarraba gida-gida. Da la'asar sai a fito da kujerarta 'yar tsuguno ƙarƙashin dalbejiyar ƙofar gida, a ajiye kwalla a gabanta, yara su yi cincirindo, iyaye mata su tsaya daga baya. Ba ta kiran sunan kowa, ba ta kuma rubuta suna. Ta ɗaga kyauta sama ta ce, "Zanin uwar wa ne wannan?" Sai ka ji ƙaramar murya daga cikin taro ta ce, "Na Mamata ne!" ko "Na Ummata ne!" Mai shi ya kutso ya karɓa ana tafi. Yaron da ya tsaya yana zare ido bai gane zanin uwarsa ba, sai ta ja masa kunne a hankali, ta ce ya juya ya kalli matar da ta haife shi da kyau, ya dawo. Wannan ihun shi ne Kirsimetin yaran layinmu. Shinkafa da kaza ƙari ne kawai.

Yanzu sai in zo kan laifina.

Shekarar da sojoji suka koma bariki suka bar wa farar hula mulki, kowa yana jin duniya sabuwa ce. Ana maganar ƙarin albashi a ko'ina, maigidana yana dawowa da jarida yana karanta mana alkawura kamar shi aka yi wa. Cikin wannan zumuɗin na shiga kasuwa na sayi atamfa 'yar Holan, ta farko a rayuwata, shuɗiya mai zanen tsuntsaye ruwan ƙwai. Na ɗaura ta sau ɗaya, ranar godiyar kaka a coci, na yi rawa har gaban bagadi ana kallona, ni ma ina sane ana kallona. Na dawo na wanke ta da hannuna na shanya. Kafin nan Mama ta sha yanka tsofaffin zannuwana ina dariya, amma na ɗauka ko makaho ya taɓa wannan ya san ba ta yanka ba ce.

Na dawo daga makaranta na sauke zanin, sai ga gurbi. Kuma ba faɗin tafin hannu ba, ya fi, don tana son tsuntsu guda ya fito cikakke. Na faɗa ɗakinta babu sallama. Na iske ta har ta gama ɗinka zani da riga, ta sa wa 'yar tsanar babbar 'yata, tana juya ta tana murmushi. Ni 'yar Filato ce, kuma a gidanmu ba a san mu da tauna magana ba.

"Mama, wannan sata ce," na ce.

Ta ɗago ta dube ni. "Ban kai kasuwa ba. 'Yarki zan ba."

"Daga yau kada almakashinki ya ƙara taɓa zanina, sabo ko tsoho. Wannan ƙyallen kuma kada in gan shi a hannun 'ya'yana."

Na jira ta yi faɗa, ko ta yi kuka, ko ta kira ɗanta. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta tuɓe wa 'yar tsanar kayan a hankali, ta ninke su, ta ce, "To, Malama." Daga ranar sunana ya zama Malama a bakinta, kuma akwai yadda take jan sunan da ke sa in ji kamar na tsaya gaban hedimasta. Maigidana ya ce in ba ta haƙuri. Na ba ta haƙurin kalmar sata, don na san na wuce gona da iri, amma dokar na ce tana nan. Zanin kuma na jefa shi ƙasan akwati, na ce ba zan ɗaura abin da aka yi wa kaciya ba.

Don in tabbatar ba a karya dokata ba, na ɗaura igiya a cikin ɗakina, daga taga zuwa ƙusar bango, a saman gado. Shekara tara a nan nake shanya zannuwana. Da damina ɗakin yana warin danshi, maigidana yana kwana ruwa na ɗiga masa a wuya, yana roƙona don girman Allah in sasanta da uwarsa. Mama kuwa in ta wuce ƙofar ɗakin ta ga tutocina a rataye, sai ta ce, "Sannu da tsaro, Malama." Abin da ban lura da shi ba a lokacin shi ne, ko igiyar tana waje ba za ta taɓa ba. Sau nawa na manta zani a bayan kujera na tafi makaranta, na dawo na iske shi a ninke a kan gadona, cikakke.

Kada a ɗauka gaba muka yi. Ita ta yi mani wankan jego na 'ya'yana biyu na ƙarshe, ta hana ni taɓa ruwan sanyi, ta yi faɗa da ɗanta a kaina har ya kwana biyu ba ya haɗa ido da ita. Da aka yi mani canjin makaranta zuwa Ƙauyen Alu ina kuka, ita ta raka ni ranar farko ta zauna a gindin bishiya har aka tashi. Muna cin abinci kwano ɗaya, muna gulmar mawaƙan coci tare. Maganar zani ce kawai muka kewaye kamar rami a tsakar hanya.

'Ya'yana ba su taɓa rasa kyauta ba. Kowace shekara suna samu, sai dai nasu da zanin Kaka ake yi. In aka zo kansu ba ta ɗagawa sama, ba ta tambaya. Ta miƙa kawai ta ce, "Na gidan Malama." Babbar 'yata da ƙanenta sun saba, suna tsayawa daga baya su jira a gama ihun su karɓi nasu shiru. Ni kuma ina tsaye cikin iyaye mata ina gaya wa kaina kyauta dai kyauta ce.

Auta ce ba ta saba ba. Shekararta shida, kuma bakina ta ɗauko. Ita ta tsare Kaka ta tambaye ta me ya sa 'yar tsanar kowa ke ɗaure da zanin uwarsa, tata kuma kullum da zanin tsohuwa. Ta ce ita ma tana so ta yi ihun nan ko sau ɗaya.

Wata Asabar da rana, ina zaune a kan gado ina duba takardun jarrabawa, sai na ji sallama a ƙofar ɗakina. Mama ce. Ta shigo ta sunkuya ƙarƙashin shanyata ta zauna a bakin gado.

"Malama, yau roƙo na zo," in ji ta. "Autarki ta yi mani tambayar da ba ni da amsarta. Ko tsohon da kike girki da shi ne, ki ba ni faɗin hannu."

Matar da ba ta taɓa neman izinin kowa ba a layin nan, ga ta tana roƙona. Zuciyata ta ce in miƙe in ba ta duk wanda take so. Bakina ya ce, "Mama, ai mun rufe maganar nan tun tuni."

Ta ce to. Ta miƙe, ta shafa zanin da ke rataye a saman kanta, ta ce, "Kai, wannan zani ya karɓe ki." Ta yi dariya, ni ma na yi, ta fita. Gaskiyar da ban gaya wa kowa ba sai yanzu ita ce na riga na sauko. So nake ta sake tambaya sau ɗaya, in ja mata rai zuwa farkon Disamba, sannan in kai mata da kaina in ce na yi mata alfarma. Bayan kwana tara zazzaɓi ya kama ta. Kwana uku ta yi a asibiti, ran na huɗu da azahar ta huta. Ba ta sake tambaya ba, kuma wannan abin yana ci mani rai har yau.

Da ƙanwarta ta buɗe akwatinta don a raba kaya, babu zani ko ɗaya cikakke. Kowanne an ci gefensa, an ci ɗaya gefen, wani har tsakiya. Na zumuntar mata, wanda take ji da shi, ya rage har ba zai zagaye ƙugun yarinya ba, ashe shi ya sa take ɗora wani a ƙarƙashinsa muna cewa sanyin tsufa ne. Ƙanwar tata tana ɗagawa tana dariya tana cewa wa zai gaji wannan tsumma. Ni na san inda sauran suka tafi. Suna ɗakin 'ya'yana, shekara tara na zani.

Bayan 'yan gaisuwa sun ragu, na buɗe kwalla. Ta gama kusan komai, sai 'yan idanu da ba a ɗinka ba da hannun jaka biyu. Can ƙasa ga ta Auta, da gashinta da idanunta, fara fat babu sutura. Maigidana ya ce mu saya wa yarinyar ta roba a kanti a wuce wurin. Na ce a'a. Amma har a lokacin taurin kaina bai gama mutuwa ba, sai na shiga kasuwa na sayo rabin yadi mai kyau, wai in ɗinka mata da shi.

Hajiya ce ta kama ni. Ta shigo taya ni ɗinka idanun da suka rage, don ita da Mama sun shekara goma suna zama a dakali ɗaya suna tsintar shinkafa. Ta ɗauki sabon yadin ta shinshina, ta ce har da ƙamshin kanti. Ta ce wa nake so in ruɗa, yarinyar ko mai kwallar? Sannan ta tambaye ni ko Mama ta taɓa gaya mani dalilin dokarta. Na ce ban taɓa tambaya ba.

"Uwarta ta rasu tana 'yar shekara biyar," in ji Hajiya. "Dangi suka rabe kayan, ko ɗankwali ba a bar mata ba. Ta ce mani fuskar uwar ta ɓace mata tun tana budurwa, wannan ta haƙura. Abin da ke damunta shi ne ko launin zaninta ba ta iya tunawa. Ta ce duk yaron da ya tashi a gabanta, in uwarsa ta riga shi tafiya, zai buɗe akwati ya ga abin da take ɗaurawa."

Hajiya ta ci gaba da ɗinkinta kamar ba ita ta yi maganar ba, ta bar ni na yi kukana na gama.

Washegari da hantsi na sauke tsohon zanin girkina daga igiya, na ɗauko almakashin Mama, na buɗe gwangwanin da take ajiye allura da maɓallai. A ƙarƙashin maɓallan akwai wani abu a naɗe cikin takarda. Na warware. Ɗan ƙaramin zani ne da 'yar riga, shuɗi, da tsuntsu guda ruwan ƙwai cikakke a tsakiya. Na ɗauka ta jefar tun ranar. Ashe ajiyewa ta yi. Kullum tana buɗe gwangwanin nan tana ganinsu, yarinya tana mata kuka, kayan suna hannunta a ɗinke, amma don na ce kada in gan su a hannun 'ya'yana, ta bar 'yar tsana tsirara ta zo tana roƙona tsohon zanin girki.

Na sa wa 'yar tsanar Auta. Suka zauna mata daidai. Ɗankwali ne kawai babu, don ranar na faɗo mata kafin ta kai gare shi. Na jawo akwatina na tono 'yar Holan daga ƙasa, tana warin kafur, launinta bai ko dushe ba. Na shimfiɗa ta a kan gado, na auna faɗin tafin hannuna kusa da gurbin Mama, na sa almakashi na yanko na ɗankwalin. Na kalmashe bakin yadda na iya. Sannan na kwance igiyar ɗaki na kai ta tsakar gida, maigidana ya dawo ya ga saman gado fayau ya ce yau zai kwana kamar mai gida.

Saura doka. Sai zanin da yaro ya gani a jikin uwarsa, Auta kuwa ba a haife ta ba lokacin da na binne wannan a akwati. Don haka ranar Kirsimeti da safe na ɗaura shi. Rigarsa ta ƙi shiga, shekara tara da haihuwa biyu ba wasa ba, sai na sa farar riga a sama. Auta ta bi ni da kallo tun daga gida har coci, ta ce mani tsuntsayen zanina suna da kyau. Na ce ta kalle su da kyau.

Da la'asar aka fito da kujera ƙarƙashin dalbejiya. Matan layi suka ce ni zan zauna. Na zauna, na ɗaga ta farko na yi tambayar Mama. Aka amsa. Na ɗaga ta biyu, aka amsa. Kafin a kai rabi tafi da ihu sun dawo kamar kullum, har na ja kunnen ɗan Matar Fasto da ya kasa gane zanin uwarsa tana tsaye a bayansa da shi a jiki. 'Ya'yana suna can baya inda suka saba tsayawa, Auta tana wasa da ƙasa da ɗan yatsan ƙafa, tana jiran a gama a miƙa mata shiru.

Na ɗauko ta ƙarshe na ɗaga sama.

"Zanin uwar wa ne wannan?"

Iyaye mata suka dubi 'yar tsanar, suka dube ni. Babbar 'yata ta zunguri Auta. Yarinyar ta ɗago, ta kalli abin da ke hannuna, ta kalli jikina, ta sake kallo. Ba ta yi ihu ba tukuna. Jinina ce, sai ta tabbatar. Ta ratso yara ta zo, ta karɓi 'yar tsanar, ta kara ta a gwiwata, tsuntsu kusa da tsuntsu. Sannan ta juya ta fuskanci taro.

"Na Mamata ne!"

Malam ya ce har shagonsa ya ji. Hajiya ta rangaɗa guɗa, matan zumunta suka ɗauki waƙa, ni kuma na rufe fuska da gefen zanin da na yi shekara tara ina karewa daga almakashi, na jiƙa shi da hawaye da majina.

Almakashin yana ƙuguna yanzu. Ɗinkina bai kai nata ba, kuma matan layi sun fara kwashe shanya in sun ji sallamata, amma ba sa sauri sosai. Mama, Ubangiji da kika bauta wa ya ba ki hutu a wurinsa, ya kuma nuna miki uwarki da zaninta a jiki, ki kalla har ki ƙoshi. Izinin da kika zo nema, na bayar. Na makara da shi, amma na bayar.

Zanin yana nan, ina ɗaura shi duk Kirsimeti. A gefensa na ciki gurbi biyu ne kusa da juna, ɗaya da ɗinki siriri kamar ba hannu ya yi ba, ɗaya a karkace da zare yana leƙowa. In mata suka zauna ana tuna Mama aka fara ɗaga gefen zani, yanzu ni ce ta farko.